Bindigar toka a iyakar Bagudo da Benin: Haɗarin da ke tattare da ɗuri

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, wadda ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, bindigar toka ta daɗe tana cikin kayan aikin gida, kamar dai fartanya ga manomi ko koma ga masunci. Da ita maharba ke shiga daji, da ita ake korar birai da tsuntsaye daga gonakin shinkafa da dawa, da ita kuma ake harbin iska a ranar sallah ko naɗin sarauta.

Sai dai a 'yan shekarun nan, sakamakon taɓarɓarewar tsaro a arewa maso yammacin Najeriya, wannan bindiga ta shiga hannun mutane da dama da ba su gaje ta ba, ba su kuma zauna gaban wani gwani sun koyi sarrafa ta ba. Harin da 'yan ƙungiyar Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, inda aka kashe mutane 15, ya ƙara sa al'ummomin karkara a jihar ta Kebbi dogaro da 'yan banga da 'yan sa-kai, waɗanda akasarinsu ita ce makaminsu.

Abin da sababbin masu riƙe ta ba su cika sani ba shi ne, bindigar toka tana iya yi wa mai ita illa tun kafin ta kai ga abin da aka auna. Kuma mafi yawan wannan haɗari yana tattare ne da 'yan mintocin da ake ɗauka wajen ɗura ta.

Asalin bindigar

Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, ita ce wadda ake ɗurawa ta baki. Ana zuba albarushi a cikin bututun, a bi shi da toshi na tsumma ko takarda, a sa harsashi, sannan a danna da sandar ɗuri. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri, kuma daga nan ne sunan harba-ka-ruga ya samo asali.

Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya yi amfani da 'yan bindiga da Turkawa suka horar. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye rukunin 'yan bindigar sarki a Kano. Ta ɓangaren kudu kuma, bindigogin sun riƙa shigowa ta gaɓar teku daga hannun fataken Turai, ciki har da 'yan ƙasar Denmark masu sansani a inda birnin Accra yake a yau, abin da ya sa har yanzu ake danganta sunanta na Turanci da su.

Dalilin da ya sa ta yi ƙarko a Afirka alhali Turai ta daɗe da yin watsi da ita yana da nasaba da siyasar mulkin mallaka. Yarjejeniyar da manyan ƙasashe suka sanya wa hannu a birnin Brussels a 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara da albarushinsu. Shekaru takwas bayan haka, a 1898, Ingila da Faransa suka shata iyakar da ta raba ƙasar Bargu gida biyu, inda garin Illo, wanda a yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Bagudo, ya faɗa ɓangaren Ingila. Iyakar ta raba gwamnatoci, amma maharba da maƙeran ɓangarorin biyu, daga Illo da Lolo da Tsamiya zuwa Segbana da Malanville, sun ci gaba da sana'a iri ɗaya da kayan aiki iri ɗaya.

Me ya sa ɗuri ke da haɗari?

A bindigar zamani, masana'anta ce ke auna albarushi ta rufe shi a cikin kwanson harsashi, mai harbi bai da ta cewa. A bindigar toka kuwa, mai harbi shi ne masana'antar. Shi ke auna albarushi, shi ke zaɓen harsashi, shi ke dannawa, kuma yana yin duk wannan ne hannunsa na dab da bakin bindiga.

Bugu da ƙari, shi kansa bututun abin dubawa ne. A Ingila tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi na birnin Birmingham, inda ake yi wa kowane bututu ɗuri mai ƙarfi fiye da kima, idan ya jure a buga masa hatimi kafin a sayar. Bindigogin da maƙeran karkara ke yi ba sa bin irin wannan gwaji, kuma sau da yawa ana yin bututunsu ne da famfon ruwa ko wani ƙarfen mota da ba don wannan aiki aka yi shi ba. Likitoci a asibitocin koyarwa na Najeriya sun sha wallafa rahotanni kan raunukan ido da hannu da fuska da fashewar irin waɗannan bindigogi ke haddasawa.

A ƙasashen da ake harbi da irin wannan bindiga don wasa, kamar Amurka, inda aka kafa ƙungiyar masu sha'awarta ta ƙasa tun 1933, akwai filayen harbi masu tsauraran ƙa'idoji da jami'i mai sa ido a kan kowane ɗuri. A dajin Ka'oje ko fadamun Illo babu irin wannan jami'i, saboda haka ƙa'idojin sai dai su zauna a kan mai bindigar.

Kafin a zuba albarushi

Ƙa'ida ta farko ita ce a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya har sai an tabbatar da akasin haka. Bindigar toka ba ta da wata ƙofa ta baya da za a buɗe a leƙa, don haka hanyar tabbatarwa ita ce sandar ɗuri.

Gwanaye kan zura sandar a cikin bututun a lokacin da suka tabbata babu komai a ciki, su yi mata alama daidai bakin bindiga. Bayan sun yi ɗurin da suka saba, sai su sake yin wata alamar. Daga nan, duk lokacin da aka zura sanda, alamomin biyu za su faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Idan ta nutse har alamar farko, bindiga fanko ce. Idan ta tsaya a ta biyu, akwai ɗuri ɗaya. Idan kuwa ta tsaya sama da haka, to ko dai an yi ɗuri biyu, ko harsashi bai sauka ba, ko kuma wani abu ya toshe bututun, kuma a duk cikin ukun ba a harba ta.

Kada wani ya ɗauka cewa ɗuri a kan ɗuri kuskuren sabon shiga ne kaɗai. Bayan yaƙin Gettysburg na 1863, a lokacin yaƙin basasar Amurka, an tsinci bindigogi fiye da 27,000 a fagen fama. Kimanin 24,000 daga ciki a ɗure suke, aƙalla 12,000 an yi musu ɗuri fiye da ɗaya, an kuma samu guda mai ɗuri 23. Waɗannan sojoji ne da aka horar, amma ruɗani da ƙara suka sa ba su lura cewa bindigarsu ba ta tashi ba, suka ci gaba da ɗurawa. Irin wannan ruɗani ne kan auku a farautar gayya, ko a hawan sallah, inda bindigogi da yawa ke tashi a lokaci guda har mutum ya kasa bambanta ƙarar tasa da ta maƙwabcinsa.

Haka nan ya kamata a duba bakin bindiga, musamman a yankin fadama irin na gaɓar kogin Kwara. Laka kaɗan da ta shiga lokacin da mutum ya yi tuntuɓe, ko gidan zanzaro da aka gina a cikin bindigar da ta daɗe a rataye, ya isa ya sa bututu ya tsage.

Albarushi da ma'auninsa

Albarushin gargajiya, wato baƙi mai hayaƙi, shi kaɗai ne ya dace da bindigar toka. A 1884 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda shi ne a cikin harsasan zamani. Ƙarfin matsin da wannan ke haifarwa ya zarce abin da bututun bindigar toka zai iya ɗauka nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda ya fasa harsashin zamani ya juye abin da ke ciki a bindigar toka, ko ya gauraya shi da baƙin albarushi don ƙarin ƙarfi, ya mayar da bindigarsa bam da yake riƙe da shi dab da fuskarsa. Haka abin yake ga kan ashana da hodar abin wasan wuta na yara, waɗanda gogayya kaɗai kan iya tayar da su tun ana cikin dannawa.

Na biyu shi ne ma'auni. Auna albarushi da tafin hannu ko da ido yana sa ɗurin yau ya bambanta da na gobe. Abin da ya dace shi ne a samu ɗan ma'auni guda, na ƙaho ko na gora, wanda maƙerin bindigar ko wani gwani ya tabbatar ya yi daidai da ita, a tsaya a kansa. Ƙarin albarushi ba ya ƙara wa harbi daidaito, abin da yake ƙarawa shi ne nauyin da ke kan bututu.

Na uku, wanda ake yawan sakaci da shi, shi ne kada a taɓa zuba albarushi a bindiga kai tsaye daga gora ko kwalbar da ake ajiye shi. A zuba a ma'auni, a toshe gorar a ajiye ta gefe, sannan a juye ma'aunin a bututu. Dalili kuwa shi ne, bayan harbi akan samu ɗan garwashi na tsumma ko takardar toshi da ya rage yana ci a can ƙasan bututun. Idan sabon albarushi ya faɗa a kansa zai kama nan take. Wanda ke riƙe da ma'auni zai tsira da ƙunar yatsu, amma wanda ke riƙe da gora cike da albarushi, wutar za ta bi ta shiga gorar ta fashe a hannunsa.

Don kauce wa wannan, ana so a dakata kaɗan bayan kowane harbi, a goge cikin bututu da tsumma mai ɗan danshi, a bi da busasshe. Al'adar da wasu ke da ita ta sa baki a hura bututun ba ta da kyau, domin tana kai fuska daidai inda wuta ke fitowa, shi ya sa filayen harbi da dama a ƙasashen waje suka haramta ta. Batun taba sigari ko zama kusa da murhu ko fitilar kananzir a lokacin ɗuri kuwa, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Dannawa da ɗanawa

A lokacin ɗuri ana dasa gindin bindiga a ƙasa, a karkata bakinta ya kauce wa fuskar mai ita da duk wanda ke kusa. Ana riƙe sandar ɗuri ne da yatsu ta gefe. Wanda ya ɗora tafin hannunsa ko ƙirjinsa a kan sandar yana dannawa, idan bindiga ta tashi sandar ce za ta zama harsashi.

Wajibi ne harsashi da toshi su sauka har su zauna daram a kan albarushi. Idan aka bar sarari a tsakaninsu, matsin da zai taru a wurin yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi. Wannan kan faru ne idan datti ya yi yawa, domin fiye da rabin nauyin baƙin albarushi ba ya zama iska idan ya ƙone, hayaƙi da toka yake zama, kuma wani ɓangare na tokar yana manne wa cikin bututu. Bayan 'yan harbe-harbe sai hanya ta ƙuntata, harsashi ya maƙale a tsakiya. A nan ma alamar da ke jikin sanda ce za ta tona asirin.

Abin da ake sawa a matsayin harsashi shi ma yana da muhimmanci. Guntayen ƙusa da ƙarafa masu kaifi suna kankare cikin bututu, suna iya gicciyewa su toshe shi, kuma idan suka bugi dutse ko itace mai tauri sukan dawo.

Mataki na ƙarshe shi ne abin da ke tayar da wutar, wato 'yar hular da kunama ke saran ta, ko ɗan albarushin da ake zubawa a gefen ƙanƙara. Ba a sa shi sai an zo harbi. Bindigar da aka ɗura aka kuma ɗana, jijjiga ko faɗuwa kaɗai ta isa ta tayar da ita. A yanki irin Bagudo, inda tafiya ba ta rabuwa da babur da kwalekwale, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Wanda ya rataya ɗananniyar bindiga ya hau bayan babur a hanya mai gargada, ko ya miƙa ta ga wani a cikin kwalekwale, ko ya jawo ta ta baki yana hawan itace, ya sa ransa da na abokan tafiyarsa a cikin haɗari.

Idan bindiga ta ƙi tashi

Wani lokaci akan ja kunama bindiga ta yi shiru. Wannan ya fi faruwa da damina, domin albarushi yana shan danshi. Matsalar ita ce, shirun ba ya nufin wutar ta mutu. Tana iya kasancewa tana ci a hankali, ta tashi bayan daƙiƙoƙi da dama.

Abin da ake so shi ne mutum ya ci gaba da riƙe bindigar tana fuskantar inda ya auna, ko wani wuri da babu kowa, na aƙalla minti guda. Kada ya juyo da ita wajen abokansa, kada ya leƙa bakinta, kada kuma ya ƙara mata albarushi ta sama. Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa, kuma a nan nawar tana iya zama ta har abada.

Idan an sake gwadawa ta ƙi, sai a cire abin tayar da wutar, a jiƙa ɗurin da ruwa sosai, a kai wa maƙeri tare da gaya masa cewa a ɗure take. Ba a kusantar da irin wannan bututu ga wutar maƙera da sunan narkar da abin da ya toshe shi.

Haka nan ba a shiga gida da ɗurarriyar bindiga. Albarushi ba ya lalacewa don ya daɗe, muddin bai jiƙe ba, saboda haka bindigar da kaka ya ɗura ya rataye shekaru da suka wuce tana iya tashi a hannun jikansa. Idan an dawo daga daji, a harbe ɗurin a cikin tudun ƙasa mai laushi nesa da mutane, a wanke bututu da ruwa, a busar, a shafa mai, domin tokar albarushi tana jawo tsatsa mai cin ƙarfe ta ciki inda ido ba ya gani. Bindiga da albarushi kuma a ajiye su dabam-dabam, inda yara ba za su kai ba.

Me doka ta ce?

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, kuma masu ɗuri ta baki su ne rukuni na uku. Dokar ta ba kwamishinan 'yan sandan jiha, da amincewar gwamna, ikon hana mallakarsu sai da lasisi. Ta kuma hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da wanda ya saba da maye. Ƙera su ko gyara su a matsayin sana'a ma yana buƙatar izinin hukuma.

Ga mazauna iyaka akwai ƙarin abin lura. Izinin da aka samu a Najeriya ba ya aiki a Benin, kuma yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta hana tsallakawa da su daga wata ƙasa zuwa wata sai da izini na musamman. Arewacin Benin ɗin ma ya sauya. A watan Afrilun 2025 gwamnatin ƙasar ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a hare-haren da aka kai yankin gandun dajin W, a jihar Alibori mai iyaka da Kebbi. Maharbin da ya bi sawun dabba ya tsallaka iyaka da bindiga a kafaɗa yana iya gamuwa da jami'an da ba za su tsaya tambayar sana'arsa ba.

Ko a cikin Najeriya, abin da ya faru a garin Uromi na jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan arewa bayan an ga bindigogin toka a motar da suke ciki, ya nuna yadda tafiya da makami ke da haɗari a lokacin da zullumi ya yi yawa.

Ta fuskar addini kuwa, malamai kan yi nuni da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana nuna ɗan'uwa da makami, da kuma hukuncin kisan kuskure a cikin Suratun Nisa'i, wanda ya ɗora diyya da kaffara ko da babu niyyar kisa. Wato cewa tsautsayi ne ba ya ɗauke alhakin sakaci. Gwajin maganin bindiga a jikin mutum, wanda aka sha ba da rahoton ya yi sanadin mutuwa a sassa daban-daban na Najeriya, shi ma yana cikin wannan babi.

Idan tsautsayi ya auku

Idan an samu rauni, abu na farko shi ne a danne wurin da tsumma mai tsabta don tsayar da jini, a garzaya asibiti. Kada a zuba toka ko ƙasa ko garin magani a kan raunin, domin hakan na iya jawo ciwon sandarewar jiki da ake kira tetanus. Idan wani abu ya shiga ido, kada a murza, kada kuma a yi ƙoƙarin cire shi. A rufe idon da wani abu mai zurfi kamar ƙaramin kofi, yadda ba zai danne shi ba.

Mutane da yawa kan ɓoye mai rauni a gida don tsoron 'yan sanda. To amma tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, karɓar wanda aka harba tare da yi masa magani nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, daga baya asibitin ya sanar da hukuma. Ga ƙauyukan iyaka, inda babban rauni kan buƙaci doguwar tafiya zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, duk sa'ar da aka ɓata tana iya zama sanadin rasa ido ko hannu.

A tsarin gargajiya, yaro kan shafe shekaru yana ɗaukar wa mahaifinsa jakar farauta kafin a bar shi ya ɗura bindiga, kuma Sarkin Baka yana da ikon tsawata wa duk wanda ya yi wasa da ita. Matasan da ke shiga aikin banga a yau ba su da waɗannan shekaru. Abin da ya rage shi ne hakimai da shugabannin maharba da maƙera da jami'an tsaro na yankin su tabbatar cewa duk wanda za a miƙa wa bindigar toka ya koyi ɗura ta a gaban gwani, kuma sandar ɗurinsa tana ɗauke da alamominta biyu.